Kwamfutocin masana'antarmu sun tsufa, kuɗin gyara kuma bai isa ba: da me za mu fara?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa irin wannan aiki. Ni nake kula da kwamfutoci a wata masana'antar robobi a Kakuri da ke Kaduna, muna yin jarkoki da bokitai da buhunan taki. Kwamfutocin ofis da na sito sun kai arba'in. Yawancinsu Windows 10 ne, akwai 'yan kaɗan da har yau Windows 7 ke kansu. Sabar da akantoci suke aiki da ita, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan lissafinmu, Windows Server 2012 R2 ce. Sai kuma guda biyu masu Windows XP, ɗaya tana tuƙa babban injin jarka, ɗaya tana kan sikelin manyan motoci a bakin get.

Duk waɗannan, har da kyamarorin tsaro da wayoyin ma'aikata, a kan layi ɗaya suke. Kalmar sirrin Wi-Fi ɗinmu ma direbobin da ke zuwa lodi sun san ta.

Alhaji ya yarda a gyara, amma abin da ya ware ba zai yi rabin abin da na rubuta ba. Wasu daga Abuja sun kawo ƙiyasi, sun ce a sayi sababbin kwamfutoci gaba ɗaya masu Windows 11. In na bi tasu, kuɗin ya ƙare ke nan, ba a taɓa waya ko ɗaya ba. Ina mafita?

Ɗalibin Poli:
Wa alaikumus salam Yaya. A ganina mutanen Abuja sun yi gaskiya. Duk abin da ka lissafa babu wanda Microsoft take kula da shi yanzu. XP tun Afrilun 2014 aka sallame shi, Windows 7 a Janairun 2020, sabarku a Oktoban 2023, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025. Ma'ana duk ƙofar da masu kutse suka gano daga yanzu, babu mai zuwa ya toshe muku ita. Ka fara da XP ɗin nan biyu, ka cire su tun yau.

Injiniyan Kakuri:
Ƙanena, kwanakin da ka kawo daidai ne, amma don Allah kada ka sa shi ya taɓa kwamfutar injin jarka. Bari in faɗa maka abin da ke cikin irin wannan kwamfuta. Manhajar da ke tuƙa injin don XP aka rubuta ta. Sau da yawa akwai wani kati a cikin akwatin da yake magana da injin, kuma manhajar da ke gane katin ba a taɓa yi mata ta Windows 10 ba, balle 11. Wani lokaci akwai ɗan mabuɗin lasisi da ake soke shi a baya, in ka cire shi manhajar ba za ta buɗe ba. Kamfanin da ya ƙera injin kuwa, ko ya rufe, ko ya ce sai dai ku sayi sabon allon sarrafawa gaba ɗaya, da dala.

Kwamfutar ofis in ta ƙi tashi, sakatare ya ari ta wani. Ta inji in ta ƙi tashi, roba ta daskare a cikin bututu, ma'aikatan dare su zauna, odar mutane ta makara. Waɗannan abubuwa biyu ba a auna su da ma'auni ɗaya.

Abin da ake yi wa irin wannan kwamfuta shi ne a killace ta. A raba ta da intanet, a raba ta da layin ofis, a toshe ramukan filash ɗinta, a kwafe faifan ajiyarta dungurungum a ajiye kwafin a wurare biyu. Sannan a nemo tsohuwar kwamfuta irinta sak a ajiye a sito, a ɗora kwafin a kanta a gwada a ga ta tuƙa injin. XP da ba ya magana da kowa sai injinsa ya fi mini kwanciyar hankali a kan Windows 11 da ke zaune a layi ɗaya da wayar direba.

Ɗalibin Poli:
Injiniya, da girmanka, amma ai irin wannan tunani ne ya jawo ɓarnar cutar kwamfuta ta WannaCry a watan Mayun 2017. Ƙasashe sama da 150 ta shiga. Asibitocin Ingila sun tsaya, Renault ta dakatar da aiki a masana'antunta, haka Nissan a Ingila. Duk saboda an bar tsofaffin Windows.

'Yar Barnawa:
Ɗalibi, misalinka mai kyau ne, sai dai hujjar Injiniya yake ƙarfafawa. Yawancin kwamfutocin da WannaCry ta kama Windows 7 ne, wanda a lokacin Microsoft tana kula da shi, kuma ta fitar da facin da ke toshe ƙofar da cutar ta bi tun watan Maris, wata biyu kafin abin ya faru. Mutane ne ba su ɗora ba. Abin da ya sa ɓarnar ta yi yawa kuma shi ne yadda cutar take tsallakawa da kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta muddin suna layi ɗaya. Wato daidai yanayin da Malam ya bayyana mana.

Malam Ɗan Tudun Wada, aikina ke nan, kuma ga yadda nake kallon lamarinku. Ku duba gidan Bahaushe: baƙo iyakarsa zaure, ba ya zarcewa cikin gida sai da izini. Masana'antarku yanzu ba ta da zaure, duk wanda ya shigo get ya isa ƙuryar ɗaki. Don haka kuɗin farko ya tafi kan rarraba layin. Injina su samu nasu, ofis nasa, kyamarori nasu, baƙi da wayoyin ma'aikata nasu wanda intanet kawai yake gani. Ana yin wannan da suwic (akwatin da wayoyin kwamfutoci suke haɗuwa a cikinsa) masu karɓar saiti, abin da ake kira VLAN, sannan a sa katangar tsaro a tsakani wadda za ta ce wannan zai iya magana da wancan ta wannan ƙofa kaɗai. Misali sikelin bakin get yana buƙatar tura nauyin mota zuwa sabar akanta. To a buɗe masa wannan hanya ɗaya, a rufe sauran.

Dalilin da ya sa na matsa a kan injina: yaren da yawancinsu suke magana da shi, irin su Modbus da aka ƙirƙira tun 1979, ba ya tambayar kowa kalmar sirri. Duk wanda ya isa layin zai iya ba inji umarni, injin kuma ya bi. Ba a gina shi don duniyar da muke ciki yanzu ba.

Amma kafin duk wannan ina da tambaya ɗaya. In sabar akanta ta mutu yau da dare, ina bayanan suke?

Ɗan Tudun Wada:
Akwai faifan waje da yake jone da sabar, duk dare yana kwafa da kansa.

'Yar Barnawa:
Kullum a jone yake? An taɓa dawo da bayanai daga cikinsa an buɗe an gani?

Ɗan Tudun Wada:
Kullum a jone yake. Tun da aka saita shi ba a samu dalilin dawo da komai ba.

'Yar Barnawa:
To Malam, nan za ka fara, a wannan makon, kafin ma Alhaji ya saki ko kwabo. Masu garkuwa da bayanai abin da suke fara nema shi ne kwafin ajiya, su kulle shi tare da na asali, sannan su nemi kuɗin fansa. Faifan da yake jone dare da rana tare za a tafi da shi. Haka in wuta ta yi ƙarfi ta ƙona sabar, yana iya binta.

Ƙa'idar da ake bi: kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya a wajen harabar masana'anta. Ka sayi faifai biyu ko uku ka riƙa juya su, wanda ba a aiki da shi a cire shi a kai wani wuri. Kuma lokaci-lokaci ka ɗauki wata kwamfuta ka dawo da bayanan a kanta, ka kira akanta ta buɗe ta ga lissafin jiya yana nan.

A 2017 cutar NotPetya ta share kwamfutocin Maersk, kamfanin jiragen ruwan da kwantenoninsa suke cika Apapa. Asararsu ta kai wajen dala miliyan 300. Abin da ya taimake su wajen farfaɗowa wata saba ce guda a ofishinsu na Afirka ta Yamma da ta tsira saboda an ɗauke wuta a lokacin, ba ta kan layi. Kamfani mai wannan girma, abin da ya cece shi kwafin da ba ya jone ne.

Baba Fita:
Yarana, sannunku da ƙoƙari. Ni ban san kan kwamfuta kamar ku ba, aikin wuta na yi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri tun lokacin da in an tashi aiki titi ba ya biyuwa saboda kekunan ma'aikata. Amma ina so ku saurare ni, don har yanzu ana kirana gyara a masana'antun Kakuri da Kudenda.

Abin da na fi gani yana kashe kayan nan wuta ce, da tsawa, da ƙura. A ɗauke wuta, janareta ya tashi, a dawo da wuta, a sake juyawa, kowane juyi duka ne a kan na'ura. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar Band A naira 225 kowane yunit, masana'antu da yawa suna ta haɗa sola da inbata da janareta da wutar gwamnati, kuma ba kowa ne yake haɗawa bisa ƙa'ida ba. Ɗana, kafin ka sa sabon suwic ko sabuwar saba, ka sa a auna wayar ƙasan ginin. In ta lalace a sake binne ta. Ka sa UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta, irin wanda kullum kayan suke shan wuta daga gare shi, kada ka sayi ƙaramin nan mai jiran a ɗauke wuta kafin ya karɓa.

Sannan tsakanin ofis da ɗakin injina da bakin get, me kuka ja?

Ɗan Tudun Wada:
Wayar intanet ce ta tagulla Baba, an bi da ita ta saman katanga. Ta bakin get tana yawan yankewa.

Baba Fita:
Dole ta yanke. Wannan waya iyakarta mita 100, kuma na san faɗin filayen Kakuri. Bayan haka, farkon damina in aka fara tsawar nan ta Kaduna, tagullar da ke tsakanin gini da gini ita take kwaso wutar ta kai cikin na'ura. Ka ja faiba, ka binne ta cikin bututu. Gilashi ce, wuta ba ta bi ta cikinta. Ɗakin sabar kuma a rufe shi ruf, a sa masa na'urar sanyaya ɗaki, don ƙurar hunturu da garin roba in suka toshe fanka, zafi ne zai gama da ita a watan Maris.

Injiniyan Kakuri:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan magana ta faiba ko ni ita zan sa a gaba.

Mai Shagon Kasuwar Gumi:
Oga, ni kasuwa zan yi maka magana. Ba sai ka sayi sababbi ba. Windows 11 abin da yake nema shi ne ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama da TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro da ke cikin kwamfutar. Ka fara duba naka, za ka tarar wasu sun cancanta, sai dai a kunna TPM ɗin a saiti a ƙara musu RAM da SSD. Waɗanda ba su kai ba, akwai na hannu 'yan waje, HP da Dell da Lenovo, masu kyau, kuɗinsu bai kama ƙafar sababbi ba. In ma ka ga dama akwai yadda muke tsallake sharaɗin mu ɗora 11 a kan tsohuwa, mu kunna maka shi ba tare da ka sayi lasisi ba.

'Yar Barnawa:
Rabin farko na maganarka na karɓa hannu biyu, Malam. Na hannu masu kyau su ne daidai aljihun wannan aiki, kuma yawancinsu lasisinsu yana manne a jikin babban allon da ke cikin akwatinsu tun daga kamfani. Amma kunna Windows ta bayan fage a kwamfutar da ake biyan albashi da ita, a'a. Manhajar da ake saukewa don yin hakan ba ka san wanda ya haɗa ta ba, kuma abu na farko da take nema shi ne ka kashe mata rigakafin kwamfutar. Tsallake sharaɗin ma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan kwamfuta sabuntawa ba.

In akwai 'yan kwamfutocin da dole su zauna a Windows 10 na ɗan lokaci, akwai tsarin ƙarin wa'adi na kuɗi: dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko ga kamfanoni, yana ninkawa duk shekara, iyakarsa shekara uku. Da wuya ya fi sayen ta hannu riba, amma a san da shi.

Mai Shagon Kasuwar Gumi:
Na ji Anti. Mu dai abin da kwastoma ya nema muke yi, amma a kan kwamfutar kuɗi ban musa miki ba.

Ɗan Unguwar Rimi:
Me ya sa ba wanda ya ambaci Linux, kishiyar Windows? Nau'insa na Ubuntu kyauta ne, mai dogon wa'adinsa shekara biyar ana turo masa faci, kuma yana gudu lafiya a kan kwamfutocin da Windows 11 ya ƙi. Ku ɗora shi a duka arba'in ɗin, ku mayar da lissafi kan intanet, ku huta da saba.

Hajiya Akanta:
Ɗana, a sito da wurin masu gadi da duk inda burauza kawai ake buɗewa, na yarda a gwada. Amma ofishin kuɗi ka bar shi. Manhajojin lissafin da muke aiki da su na Windows ne, kuma akwai takardun Excel da aka shekara goma ana gina su, in ka buɗe su a wani wuri lissafin yana rikicewa. Maganar mayar da komai kan intanet kuma, ka tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna ma sai da suka sha wahala. Mota tana bakin get an gama lodi, ba za ka ce wa direba ya jira intanet ya dawo kafin a buga masa takarda ba. Duk wanda zai bi wannan hanya sai ya tanadi layi biyu na kamfanoni daban, ko faiba da Starlink.

Amma abin da ya kawo ni daban ne. Duk kuna maganar ƙofofin na'ura, ni ta wurin mutum na ga an shiga. A wani kamfani da na yi aiki, saƙon imel ya zo daga wanda yake kawo mana ɗanyen kaya, a cikin zaren hirar da muka saba yi da shi, da tambarinsa da komai, cewa sun canza asusun banki. Ashe an daɗe da shiga akwatinsa ana karanta komai, ana jiran lokacin biya. Allah ya sa yarinyar da ke shirya biyan ta ɗaga waya ta kira shi a lambar da muka sani tun da. Ba su canza komai ba.

Don haka Malam, ka rubuta wa Alhaji doka biyu da ba sa cin kuɗi. Ba a canza asusun da ake biyan kowa sai an kira shi a tsohuwar lambarsa. Kuma kowane imel na kamfani a sa masa tabbaci na biyu ta waya bayan kalmar sirri. Kowa kuma ya samu sunan shigarsa, a daina wannan abu na mutum biyar kalmar sirri ɗaya, don in abu ya faru ba a san wa za a tambaya ba, mara laifi ne yake shan zargi.

Ka kuma tuna masa cewa bayanan ma'aikata, lambobin asusunsu da NIN ɗinsu, amana ce da doka ta ɗora masa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ce in aka sace irin waɗannan bayanai ta yadda za a iya cutar da masu su, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72.

Injiniyan Kakuri:
Hajiya ta tuna mini da wata ƙofa. Malam, masu gyaran injinku na ƙasar waje, ta ina suke shiga in ya samu matsala?

Ɗan Tudun Wada:
Akwai AnyDesk, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, a kwamfutar manajan sarrafa kaya, daga nan suke leƙa injinan. A kunne take kullum.

Injiniyan Kakuri:
Wannan ma a rufe. A buɗe musu ranar da aka kira su, wani yana zaune yana kallon abin da suke yi, in sun gama a kashe. Colonial Pipeline, mai bututun man fetur a Amurka, a 2021 ta wani tsohon asusun shiga daga nesa aka shige ta, wanda ba shi da tabbaci na biyu, har ta biya fansar dala miliyan 4.4. Haka filash ɗin da masu gyara suke yawo da shi daga wannan masana'anta zuwa waccan. Ku sayi naku, a ajiye shi a durowar manaja, a duba shi a wata kwamfuta kafin ya shiga ɗakin injina.

Sabuntawa ma a yi ta da hankali. Ranar 19 ga Yuli 2024 sabuntawa guda daga kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci wajen miliyan 8.5 a duniya, kuma ba ɓarawo ba ne ya yi. Ka fara da biyu ko uku a ofis, ka ba su kwanaki, sannan sauran.

Ɗalibin Poli:
Na fahimta yanzu, na gode. Amma sabar 2012 ɗin fa? Ita ba inji take tuƙawa ba, kuma duk kuɗin kamfani a kanta yake. Ita ma killace ta za a yi a bar ta?

'Yar Barnawa:
A'a, a nan kai ne da gaskiya. Ita dole a canza ta a wannan zagaye, don dole ofis ya riƙa magana da ita, ba ta killatuwa kamar ta inji. Sai dai a fara tambayar masu manhajar lissafin ko sigar da ake da ita za ta hau sabuwar saba, don wani lokaci kuɗin sabunta manhajar ya fi na ƙarfen.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zauna da Alhaji jiya bayan la'asar. Ban fara masa da sunayen Windows ba, na tambaye shi nawa ake asara in injin jarka ya tsaya yini guda, shi da kansa ya lissafa. Na ba shi labarin Norsk Hydro, kamfanin alminiyom na Norway da aka kulle wa kwamfutoci a Maris 2019, suka ƙi biyan fansa, suka koma biro da takarda har suka dawo da komai daga kwafin ajiyarsu. Sai ya tambaye ni ko mu za mu iya haka. Na ce masa a yadda muke yanzu, a'a.

Ya amince da faifan ajiya, da faiba zuwa bakin get da ɗakin injina kafin ruwa ya sauka, da suwic da katangar tsaro, da UPS, da sabuwar saba. Kwamfutocin ofis za a riƙa canza su kaɗan-kaɗan da na hannu, a fara da masu Windows 7 da ofishin kuɗi. Abu ɗaya ya ƙi: bai yarda a hana ma'aikata Wi-Fi ba, na ce masa ba hana su za a yi ba, nasu daban za a ba su.

Ranar Lahadi ba a aiki, ina so in kwafe faifan kwamfutar injin jarka. Injiniya, akwai abin da zan kiyaye?

Injiniyan Kakuri:
Ka ɗauki hoton bayan akwatin kafin ka zare ko waya ɗaya, ka manna wa kowace lamba. Ka duba ko faifan IDE ne mai faffaɗar waya ko SATA, don ka tafi da mahaɗin da ya dace. Kada ka bar sabuwar kwamfuta ta yi masa wani gyara in ta nema, kwafa kawai za ka yi. Ƙaramin batirin da ke kan allon cikin akwatin ma in ya tsufa, ka rubuta saitin BIOS, wato saitin da kwamfutar ke tashi da shi, a takarda kafin ka canza shi. Kuma ka sa mai tuƙa injin ya zo, a tayar da shi a fitar da jarka ko goma a gabanka kafin kowa ya tafi gida. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka tsaya ka turo hoto, ina gari ranar.

Baba Fita:
In za ku haƙa ramin faiba ku neme ni tukuna. Akwai tsofaffin wayoyin wuta a binne a filayen nan da ba sa cikin zanen kowa.